Gashina yana zuba bayan haihuwa: in sayi man "nano" ko in haɗa nawa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gusau, shekarata 31, wata biyar ke nan da haihuwata ta uku kuma ina shayarwa. Tun da muka yi wata uku gashina ya fara zuba, in na yi tsifa sai in tara cike da hannu. Gaban goshina kuwa ya fi shekara biyu yana ja da baya, yanzu har sai na jawo ɗankwali na rufe. Ina saka rilaksa, kuma ina son ƙananan kitso da ƙarin gashi. Na ga wata tana tallar wani mai a WhatsApp, ta ce "nano" ne, wai an mayar da man habbatus sauda da na rosmeri ƙanana har suna shiga saiwar gashi, cikin mako uku gashi zai cika. Ƙaramar kwalba naira 18,000. Ƙawata kuma ta ce in zuba man da ruwa a blanda in markaɗa, duk ɗaya ne. Maigidana ma sanƙo ya fara masa, ya ce in yana yi in saya mana biyu. Don Allah mene ne gaskiyar abin? Daga Maman Yara, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ƙara miki lafiya.

Kada ki sayi kwalbar nan yanzu, kuma kada ki ɓata manki a blanda. Fasahar da mai tallar ta ambata akwai ta, masana harhaɗa magunguna sun daɗe suna aiki a kanta, kuma za mu yi miki bayaninta dalla-dalla don ki san abin da ake sayar miki. Sai dai bisa abin da kika rubuta, matsala biyu ce ta haɗu a kanki. Ɗaya za ta wuce da kanta in sha Allah. Ɗayar kuwa tana buƙatar ki canza yadda ake miki kitso tun daga wannan makon, domin ita ba ta jira.

Mu fara da wadda ta fi tsorata ki, duk da ita ce mai sauƙin. Kan mutum yana da ramukan gashi kusan 100,000, kowane sili da nasa zagayen: ya yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, ya tsaya na mako biyu ko uku, ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi wani ya fito a gurbinsa. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Lokacin goyon ciki sinadarin estirojin yana ƙaruwa a jiki, sai ya riƙe gashin da ya kamata ya tafi hutu, mace ta ga kanta ya cika. Da an haihu sinadarin ya sauka, duk waɗanda aka riƙe su tafi hutu tare, bayan wata 2 zuwa 4 su zube tare. Daidai lokacin da kika faɗa ke nan. Yawanci zubar tana yin sauƙi tun daga wata na shida, kuma kafin yaro ya cika shekara gashin ya dawo kusan yadda yake. Shayarwa ba ita ce ta jawo ba, kada kowa ya sa ki yaye ɗanki saboda gashi.

Akwai wani lissafi da zai rage miki fargaba. Gashin da ya faɗi yana cikin kitso ba shi da hanyar fita, yana nan maƙale sai ranar tsifa. Kitson mako uku, ko da lafiyarki ƙalau, zai iya tara miki sili 1,000 zuwa 2,000. Ki ɗebi kamar ashirin daga ciki ki shimfiɗa a farar takarda kusa da taga. Wanda yake dogo da ɗan farin kai a gindinsa, daga saiwa ya fito, lokacinsa ne ya yi, kuma wani yana tafe a ramin. Wanda yake guntu, babu farin kai, bakinsa a tsage, wannan karyewa ya yi, aikin rilaksa ne da bushewa da taza da ƙarfi.

Abin da ke sa zubar bayan haihuwa ta ƙi tsayawa sau da yawa shi ne ƙarancin jini. Haihuwa uku, jinin da aka zubar, ga shayarwa. Ki je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ki nemi a auna miki jini. Himogulobin, wato abin da ake aunawa a san ƙarfin jini, in ya yi ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki ƙarancin jini ne. In da hali a haɗa da gwajin feritin, shi ke nuna ajiyar ayon, sinadarin da jiki ke yin jini da shi, kuma ƙasa da 30 alama ce ajiyar ta yi ƙasa ko da jinin ya nuna daidai. Idan kina jin faɗuwar gaba, ko yawan kasala, ko jin sanyi, ko kin ga wuyanki ya ɗan tasa, a ƙara da gwajin TSH, wato gwajin maƙoƙo, domin maƙoƙo yakan rikice wa wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini, kada ki kora ta da shayi ko madara, suna hana ta shiga jiki. Ki sha da ruwa ko da lemon zaƙi, ki ci gaba har wata uku bayan jinin ya daidaita, ki riƙa samun hanta, kifi, ƙwai, wake da zogale a abinci. Zazzaɓin cizon sauro mai zafi ko taifot ma yana zubar da gashi bayan wata biyu ko uku, saboda haka in kin kwanta ciwo kwanan baya ki gaya wa likita.

Gaban goshin shi ne ya fi damun mu. Shekara biyu yana ja da baya, tun kafin wannan cikin ke nan, ga ƙananan kitso, ga ƙarin gashi, ga rilaksa. Wannan zubar ja ce, wato wadda jan gashi da tamke shi ke kawowa. Gashin gefen goshi da na saman kunne shi ne mafi rauni a kai, rilaksa ta ƙara raunana shi, sannan a ɗaura masa nauyin ƙarin gashi a tamke. Da farko ramin kumbura yake yi, ki ga ƙananan ƙuraje a layin kitson. In aka ci gaba shekara da shekaru sai ramin ya mutu, tabo ya maye gurbinsa, kuma inda tabo ya zauna babu mai, nano ko wanin nano, da zai fitar da gashi.

Ki wanke wurin tas, ki tsaya a hasken rana, ki sa a ɗauki hotonsa da waya kusa-kusa, ki buɗa hoton. Idan kina ganin ƙananan ƙofofi a fatar da 'yan siraran gashi masu laushi, saiwar tana da rai kuma akwai kyakkyawan fata. Idan fatar ta yi sumul tana sheƙi, babu ko ƙofa ɗaya, wannan sashen ya riga ya yi tabo, abin da ya rage shi ne ceto na kusa da shi. Galibi za ki tarar da duka biyun a kai ɗaya.

Daga yau har wata shida, ki ajiye ƙarin gashi da rilaksa. Ki riƙa yin manyan kitso guda shida zuwa takwas, sakwa-sakwa, ki ce wa makitsiyarki ta bar gashin bakin goshi kada ta tsinto shi, ko da kitson bai yi tsaf a ido ba. Kada ya wuce mako biyu, kuma a riƙa canza inda ake tsaga da inda kitson ya fuskanta. Ma'aunin kuwa a jikinki yake: kitson da ya sa ki ciwon kai, ko kika kasa kai goshi ƙasa a sujada sai da zafi, ko kika nemi farasitamol don ki yi barci, ki tsefe shi a ranar, kada ki ce zai saki. Ki duba ɗaurin ɗankwalinki da ribom ɗin da kike tamke gashi da shi a ƙarƙashin hijabi, su ma suna ja a wuri ɗaya kullum. In kin wanke kai ki bari ya sha iska kafin ki rufe.

Yanzu ga batun nano. Nanomita awo ne na ƙanƙanta: a raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Abin da ake kira man nano shi ne man da aka farfasa ya zama ɗigo-ɗigo masu girman nanomita 20 zuwa ɗaruruwa kaɗan suna yawo cikin ruwa, ko aka ɗure shi cikin 'yan ƙwayoyin kitse ko na wani sinadari mai narkewa a hankali.

Dalilin da ya sa ake wannan wahalar shi ne fata ba ta son baƙo. Samanta matattun ƙwayoyin halitta ne a jere, maiƙo ya like tsakaninsu, kaurin bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ba, amma yana tare yawancin abin da aka shafa. Man da kike zubawa a kai mafi yawansa nan yake tsayawa har ɗankwali da matashin kai su shanye. Mai ƙamshi irin na rosmeri da na'ana'a kuma yana da ƙarin matsala, tashi yake yi iska ta kwashe, zafi da haske su lalata saura. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ramin gashin kansa. Saiwar tana can ƙasa kusan milimita 4, ƙwayoyin da ke haifar da sabon gashi kuma suna zaune kamar milimita 1 da ɗoriya daga sama.

Masu bincike a asibitin jami'a na Charité da ke Berlin a Jamus sun nuna abubuwa masu amfani a nan. A 2007 sun ga cewa ƙwayoyi masu girman nanomita 320 sun fi nutsewa cikin ramin gashi fiye da abu iri ɗaya da ba a mayar ƙwayoyi ba, kuma sun zauna a ramin har kwana 10, alhali abin da ya tsaya a saman fata yana gushewa cikin kwana ɗaya. Amma da sharaɗi: sai an murza. In ba a yi tausa ba, bambancin ba ya fitowa. Jikin silin gashi ba sumul yake ba, ɓawo-ɓawo ne a jere kowane ya hau kan na gabansa, kuma idan gashin yana motsi wannan ɓawon ne ke tura ƙwayoyin ƙasa kaɗan-kaɗan. A 2011 kuma suka gano cewa masu girman nanomita 400 zuwa 700 sun fi ƙananan nisa, saboda girmansu ya yi daidai da kaurin ɓawon. Kin ga ke nan maganar masu talla cewa mafi ƙanƙanta shi ne mafi kyau ba haka take ba a ramin gashi. Ko mafi kyawun ƙwayoyin ma ba sa kaiwa saiwa, suna tsayawa a sashen sama ne su riƙa sakin abin da suka ɗauko a hankali.

To wannan duk labarin ɗan aike ne. Nano hanya ce ta kai saƙo. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, saƙon da aka ba shi yana tsirar da gashi?

Man rosmeri shi ne aka fi kafa hujja da shi. A 2015 an gwada shi a Iran a kan maza 100 masu sanƙon gado, rabi suna shafa shi, rabi suna shafa maganin tsirar da gashi na asibiti, minoksidil, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. A wata uku babu wanda ya ga canji. A wata shida duka ɓangarorin sun sami ƙarin gashi kusan daidai, masu rosmeri kuma ƙaiƙayinsu ya fi sauƙi. Labari ne mai daɗi, amma gwaji ɗaya ne ƙarami, babu rukuni na uku da aka ba man banza don a gwada, kuma a kan sanƙon maza aka yi shi. Man na'ana'a mai ƙarfin kashi 3 ya yi abin mamaki a Koriya ta Kudu a 2014, sai dai a bayan ɓeraye aka shafa shi, na mako huɗu. A Sikotilan a 1998 an gwada haɗin man rosmeri da wasu uku a kan mutum 86 masu zubar gashi mai zagaye-zagaye, bayan wata bakwai kashi 44 cikin 100 suka ga sauƙi, masu man tausa zalla kuma kashi 15. Man kwakwa an tabbatar yana shiga jikin sili ya rage karyewa, wannan aiki ne mai kyau amma ba tsirarwa ba ne. Man zurma yana da kauri yana sa gashi ya yi kamar ya cika, shi ke nan. Gwaje-gwajen da aka haɗa man tsirrai da fasahar nano kuwa, yawancinsu a kan ɓeraye da fatar dabba a ɗakin gwaji aka yi su, kuma ɓera fatarsa siririya ce, in an aske shi gashinsa fitowa yake yi ko an shafa ko ba a shafa ba.

Ki lura da wata shida ɗin nan. Gashinmu na Afirka bai cika kai santimita 1 a wata ba, ramin da ke hutu kuma sai ya gama hutunsa. Duk wanda ya yi miki alkawarin kai ya cika a mako uku, ya faɗi abin da jiki ba ya yi.

Ƙawarki tana da niyya mai kyau, amma blanda ba za ta iya ba. Yadda ake yin na gaskiya shi ne a haɗa mai kamar kashi 5 zuwa 20 cikin 100 da sinadarin da ke sasanta mai da ruwa, irin su lesitin ko Tween 80, a kaɗa shi da ruwa mai tsabta, sannan a matsa haɗin ta wata siririyar kafa da ƙarfin da ya kai 500 zuwa 1,500 a ma'aunin bar, a maimaita sau da yawa. Iskar tayar mota ba ta wuce 2 zuwa 3 a wannan ma'aunin. Wasu kuma da injin girgiza mai aiki da sauti suke farfasawa. Bayan haka sai a auna girman ɗigon da na'urar haske, a tabbatar sun yi kusan kai ɗaya, a auna ko suna ture juna yadda ba za su dunƙule ba, a sa maganin hana ruɓa, a ajiye watanni a zafi daban-daban a ga ko zai rabu. Blanda ɗigon da take bayarwa ya kai nanomita dubbai, kuma tun da babu mai sasantawa, kafin la'asar man ya taso sama kamar yadda maiƙo ke tasowa a kan madarar da aka ajiye. Mafi muni, da zarar ruwa ya shiga mai ba tare da maganin hana ruɓa ba, cikin 'yan kwanaki a zafinmu ƙwayoyin cuta sun hayayyafa, sai ki shafa su a goshin da dama yana da ƙuraje.

Na kamfani ma yana lalacewa. Zafi yana sa ɗigon su haɗe da juna. Man ƙamshi yana ɗan narkewa a ruwa, don haka ƙananan ɗigo sukan zube cikin manya a hankali har girman ya wuce misali. Waɗanda aka yi da daskararren kitse, har da man kaɗe da wasu masu bincike ke amfani da shi don wannan aikin, in suka narke suka sake daskarewa sai su tofar da man da ke cikinsu. Kwalbar da ta kwana biyu a but ɗin mota daga Legas a watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, da wuya ta iso yadda ta baro.

In wata rana kina son saya, ga abin da za ki duba. Ki karanta jerin kayan haɗi. Man nano na ruwa dole ne a ga ruwa a farkon jerin, galibi an rubuta Aqua, a ga mai sasantawa kamar lecithin ko polysorbate, a ga maganin hana ruɓa kamar phenoxyethanol. Idan kwalbar mai ce zalla, rawaya, mai santsi, babu ruwa a cikinta, to babu ɗigon da za a ce ya zama nano, sunan kawai aka manna. Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa: na gaskiya bajewa yake yi ya gauraye, mai zalla yawo yake yi a sama. Wannan gwajin yana kama na bogi ƙarara, amma bai isa shaidar cewa girman ya kai nano ba, tun da man shafawa na yau da kullum ma yana bajewa. Wanda ya rabu gida biyu, ko ya yi gudaji, ko ya yi warin tsohon mai, ya mutu. Ki nemi sunan kamfani da adireshi, ranar ƙarewar aiki, da lambar NAFDAC. Lambar da ta ƙare da harafin L ta magungunan gargajiya ce, tana nufin an duba bai cutarwa, ba wai an tabbatar yana yin abin da aka ce ba. Kwalbar da ba ta da jerin kayan haɗi kwata-kwata ki bar ta, domin akan cusa sitiroyid ko minoksidil a ɓoye a irin waɗannan haɗe-haɗen, kuma ke mai shayarwa ce. Ki tuna kuma cewa abin da ya fi shiga fata, in yana da illa ita ma ta fi shiga.

Abin da za ki yi da hannunki ya fi wannan araha. Yanzu da jinjiri ke kwana a jikinki yana shaƙar kanki, ki tsaya a kan mai marar ƙamshi: man riɗi ko man kwakwa, rabin ƙaramin cokali, wato mililita 2.5. Ki tsaga gashin layi-layi, ki ɗiga a fatar, ki murza da tafin yatsu, ban da farce, na minti huɗu zuwa biyar, sau uku a mako. A bakin goshi a hankali, dannawa da juyawa, ba gurzawa ba. Man kaɗe a jikin gashin da bakinsa ya fi amfani, musamman da hunturu, bayan kin ɗan jiƙa shi da ruwa ko karkashi. Kada ki cika fatar da baselin da mai kauri, suna toshe ramin da kike son buɗewa, kuma ki wanke kai sau ɗaya a mako. In kina da amosani ki rage zuba mai a fatar, musamman man zaitun, domin naman gwarin da ke kawo shi maiƙo yake ci. Shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako har mako huɗu, a bar kumfar minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye, shi ne ke kwantar da shi.

Bayan yaye, ko kafin nan in likitan da ya gan ki ya yarda, za ki iya ƙara rosmeri. Ki nemi tataccen man da aka cire ta hanyar tururi, wanda ke zuwa a ƙaramar kwalbar gilashi mai duhu da bakin ɗigawa, ba turare mai ƙamshin rosmeri ba. Ki auna mililita 30 na man riɗi da murfin awon maganin yara, ki ɗiga ɗigo 6, wannan kashi 1 cikin 100 ke nan. Ki shafa kaɗan a bayan kunne ki jira kwana biyu. In babu ja, ƙaiƙayi ko kumburi, ki fara. Bayan mako biyu lafiya za ki iya kai shi ɗigo 12, kada ki wuce nan, ƙari ba ya ƙara gashi sai ƙuna. Ki haɗa kaɗan-kaɗan, abin da zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, ki ajiye a inuwa. Mai ciki da mai farfaɗiya su bar shi. Na'ana'a kada ya kusanci fuskar jariri ko hancinsa, yana iya taɓa masa numfashi. Habbatus sauda tana da daraja a wurinmu, amma manta zalla yana ƙona fatar wasu, ki sirka kashi ɗaya da kashi uku na man riɗi ki yi gwajin bayan kunne kamar yadda muka faɗa. Tafarnuwa ɗanya kada ta taɓa goshinki, tana sale fata ta bar tabo. Man darbejiya da 'ya'yan zurma kuma a ɗaga su inda hannun yara ba ya kai, haɗiyarsu na iya kisa.

Maganin shafawa da ya fi kowanne hujja shi ne minoksidil, a kwalba za ki ga an rubuta minoxidil. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1988, kuma likitocin fata sukan ba da shi ga zubar ja matuƙar ramukan suna da rai. Ba na mai ciki ba ne, ke ma ki jira yaye ko umarnin likita. Mai kashi 2 ana shafa mililita 1 safe da yamma a busasshiyar fata. A makonnin farko zubar kan ƙaru kafin ta tsaya, kada a firgita, kuma in ya gangaro fuska yana fitar da gashi a kumatu, don haka a wanke hannu.

Maigida nasa daban ne. Sanƙon gado aikin sinadarin maza ne mai suna DHT, wanda ke sirantar da gashin tsakar ka da gefen goshi shekara bayan shekara. Shi ne gwajin rosmeri ya fi shafa, zai iya gwada haɗin ɗigo 12 ɗin nan, amma minoksidil mai kashi 5 ya fi tabbas, sai ya yi wata huɗu zuwa shida kafin ya yanke hukunci, kuma in ya daina, abin da ya samu yana tafiya cikin 'yan watanni. Akwai ƙwayar finasterayid da likita kaɗai ke rubutawa, in an ba shi ke kada ki taɓa fasasshiya muddin kina iya ɗaukar ciki.

Kada ki jira wata shida idan kika ga gashi ya cire a wuri mai zagaye sumul kamar kwabo, ko wuri mai ɓawo da guntayen gashi irin na makero, ko ruwa da mugunya, ko tsakar kanki tana zafi tana raguwa tana faɗaɗa. Makero a kai ba ya jin man shafawa, sai maganin sha na mako shida zuwa takwas, kuma yana bin mataji da askar wanzami ya kama yara. A irin wannan ki nemi a tura ki wajen likitan fata, ko da zai kai ki asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Haka ma in ƙurajen bakin goshin ba su kwanta ba bayan mako biyu da sassauta kitso.

Ki ɗauki hoton goshinki yau, a tsakar gida da safe, ki sake ɗauka a wuri ɗaya da haske ɗaya farkon kowane wata, domin madubin kullum ba ya nuna ƙaramin canji. Bayan wata uku ki rubuto mana da sakamakon gwajin jinin da abin da hotunan suka nuna, mu duba tare ko lokacin ƙara magani ya yi. Allah ya sawwaƙe.